Gida Ne Ko Akurki?

Baban Rahila: Jama'a barkanmu da dare. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun la'asar, in ban amayar ba barci ba zai yiwu ba. Ɗan yayata da ke Amurka, wanda yawancinku kun san shi tun yana yawo da gajeren wando a Wusasa, ya cika Facebook da hotuna. Wai matasan cocinsu sun hau jirgi zuwa San Diyego, suka tsallaka iyaka zuwa Tijuana a ƙasar Meziko, suka gina wa wata mata da 'ya'yanta gida cikin kwana huɗu. Kowa da riga iri ɗaya, kowa da guduma a hannu yana washe baki. To ga tambayata. Kowane yaro ya biya kuɗin jirgi da masauki da abinci. Da an haɗa kuɗin nan an tura wa faston can ya ɗauki kafintoci da maginan garin, gida nawa za a yi? Su ma 'yan garin da sun samu na cefane. Amma ina, sai an je an ɗauki hoto. Kuma yaron nan bangon ɗakin kakarsa ya zube tun ruwan Agusta, na kira shi ya ce Kawu a yi haƙuri babu hali. Babu halin bangon kaka, akwai halin zuwa Meziko a harhaɗa akurki. Wannan yawon buɗe ido ne da sunan mishan, ba aikin Allah ba.

Anti Saratu: Baban Rahila, akurki ka ce?

Baban Rahila: Anti je ki duba hoton. Ɗaki biyu ne ƙanana, katako zalla.

Anti Saratu: Na duba. Na ga ƙofa mai makulli, na ga taga, na ga daɓen siminti, na ga matar tana kuka riƙe da mabuɗi. Ni da nake magana ɗaki biyu nake haya a Sabon Gari da yara biyar, duk ƙarshen shekara mai gida na ƙara kuɗi. In nata akurki ne, nawa kuma me za ka kira shi? Faɗa mini ba kunya.

Baban Rahila: Haba Anti, wa ya ambace ki?

Anti Saratu: Ka ambaci duk wanda bai gaji gida ba. Ku da kuka buɗi ido kuka tarar da filin kakanni ba ku san zafin haya ba.

Injiniya: Ku ɗan dakata in faɗi yadda ake irin ginin nan, domin na ga ana raina shi ba tare da sani ba. Ana fara zuba kankare a ƙasa a matsayin daɓe da harsashi gaba ɗaya. In ya sha iska a tayar da ginshiƙan katako, a ɗaure su sama da ƙasa, a rufe da takarda mai kwalta don kada ruwa ya ratsa, a buga ragar waya a kai, sannan a yaɓa siminti. Wayar ce ke riƙe yaɓen. Shi ya sa mutum goma sha wani abu za su iya gamawa cikin 'yan kwanaki, ko da ba gwanaye ba ne, matuƙar akwai wanda ya san aikin yana tsaye a kansu.

Baban Rahila: Injiniya wace irin waya?

Injiniya: Irin wadda ake yi wa kaji keji da ita.

Baban Rahila: Jama'a kun ji ko? Ba ni na faɗa ba! Har da wayar kaji!

Ɗan Gyallesu: Hahaha wallahi Injiniya ka zo ceto ka ƙara nutsar da su.

Injiniya: Ba abin dariya ba ne. Yankin nan na girgizar ƙasa ne. A watan Afrilun 2010 an yi wata mai ƙarfin maki 7.2 kusa da Mexicali, a jihar da Tijuana take. Katako yana lanƙwasa ya dawo, bulon da ba a ɗaure da rodi ba kuwa rubzowa yake a kan mutane.

Alhaji Shugaba: Injiniya da girmanka. Shekara da shekaru ina buga bulo a Tudun Wada, ban taɓa ganin mai hankali ya zuba iyalinsa a cikin katako ba. Gara kaɗai ta ishe shi. Balle gobara, Allah ya kiyaye.

Na Ƙetare: Ranka ya daɗe Alhaji, to ashe mu duka a nan mahaukata ne. Gidan da nake ciki katako ne, na maƙwabcina katako ne, mafi yawan gidajen iyali a Amurka da katako ake tayar da su, har da benaye. Kuma banki na ba da bashin shekara 30 a kansu. Kana ganin banki zai zuba kuɗinsa shekara 30 a kan akurki?

Alhaji Shugaba: Shi ya sa kullum muke gani a talabijin iska ta kwashe musu gari guda.

Na Ƙetare: Mu kuma kullum muna gani bene ya rufta a gida saboda an buga bulo 60 da buhun siminti ɗaya.

Alhaji Shugaba: Ka iya bakinka. Ba a gidan bulona ba.

Na Ƙetare: Ni ban kira suna ba Alhaji.

Malama Ta Kongo: Don Allah mu koma kan maganar. Baban Rahila abu biyu ya kawo, kuma babu wanda ya taɓa ko ɗaya. Na farko kuɗin tafiya, na biyu haƙƙin kaka. A wajenmu hadisi ya nuna sadaka ga miskini sadaka ce, ga ɗan'uwa kuwa sadaka ce da sada zumunci, lada biyu ke nan. Na san ku ma kuna da irin wannan.

Baban Rahila: Muna da shi Malama. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti sura 5 aya 8, wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya. Sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.

Anti Saratu: A karanta Luka sura 10 ma. Basamariyen nan ba ɗan gidansu ya tsinta a bakin hanya ba. Amma ni ba wannan ne ya dame ni ba, a janye kalmar akurki tukuna.

Malama Ta Kongo: Anti a ajiye akurkin nan minti biyu mana. Ni so nake in sani, filin na matar ne? Kar a gina yau gobe mai fili ya zo ya tashe ta.

Na Ƙetare: Ƙungiyoyin da ke wannan aiki a bakin iyakar suna bi ta hannun fastocin unguwa ne, su ke zaɓen iyali, kuma ana duba maganar fili kafin a kawo kaya. Batun kuɗin jirgi kuwa, Baban Rahila yana lissafi kamar kuɗin na ajiye ne ana jiran a zaɓi inda za a kai shi. Ba haka ba ne. Yaron ne ke bin 'yan coci da abokan aikin iyayensa suna ba shi, saboda shi ne zai je. Ka ce musu su tura wa wani fasto da ba su taɓa gani ba, ko rabin rabi ba za a tara ba. Kuma a cikin abin da suke biya har da kuɗin katako da siminti.

Baban Rahila: To ai ka tabbatar da maganata. Ba don matar ake bayarwa ba, don yaron ne.

Na Ƙetare: Ko don wa aka bayar, ita ce ke kwana a ciki. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka guda, tun 1984 yake zuwa da matarsa suna buga ƙusa da Habitat for Humanity, ƙungiyar da ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, har tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 100. Shi ma hoto yake nema?

Injiniya: Amma tsarin Habitat daban ne. Tun kafa ta a 1976 ba kyauta take bayarwa ba, mai gidan yana sa hannu a aikin, kuma yana biyan kuɗin a hankali. Kar a haɗa su.

Ɗan Gyallesu: Ni dai ku bar yaudarar kanku. Bature ba ya gini a banza. Yau a ba ka mabuɗi, gobe a ce ka zo coci.

Madam Rejina: Malam wace coci kuma? Mutanen Meziko kusan kashi 78 cikin 100 Katolika ne a ƙidayarsu ta 2020. Suna da coci tun kafin a kafa Amurka.

Anti Saratu: To ai bishara ba ta da iyaka Madam, kowa yana bukatar ya ji.

Madam Rejina: Me kike nufi Saratu? Mu Katolika ba mu ji ba ke nan sai kun zo?

Anti Saratu: Ban ce haka ba.

Madam Rejina: Kin faɗa a zumuntar mata ta haɗaka bara, yau ma kin maimaita. Ina sane.

Baba Dattijo: 'Ya'yana ku sassauta. Tun ɗazu ina karantawa, hannuna ne ba ya sauri. Ku da kuke raina abin da baƙo ya zo ya gina, ku tuna inda kuka fito. Dakta Miller, Baturen mishan ɗin Angilikan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mai da mishan Wusasa wajen 1929. Majami'ar St Bartholomew da aka gina a lokacin ginin ƙasa ce irin tamu ta Hausa, tana nan tsaye har gobe, ta kusa shekara 100. Asibitin St Luke nan ne aka haifi da yawanku, Musulmi da Kirista. Janar Gowon a nan ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, cikin wannan jama'a ya fito. Amma ku lura, waɗancan ba kwana huɗu suka yi ba. Sun zauna, sun koyi Hausa har aka fitar da Littafi Mai Tsarki da ita a 1932.

Baban Rahila: Na gode Baba. Abin da nake faɗa ke nan. Mai zama daban, mai leƙowa daban.

Anti Saratu: Ba haka Baba ya ce ba, cewa ya yi kar a raina. Kuma ku Angilikan kullum Miller, kullum Wusasa, kamar SIM, mishan ɗin da ta haifi cocinmu ta ECWA, ba ta yi komai a ƙasar nan ba. Ku ƙirga majami'un ECWA daga nan har Kagoro ku gani.

Baban Rahila: Yawa daban, asali daban.

Anti Saratu: Ka ga halin naku ko? Ɗazu akurki, yanzu asali.

Alhaji Shugaba: Baba ya kawo magana mai kyau a kan ginin ƙasa. Masallacin Juma'a na cikin birni ma Babban Gwani ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tun ƙarni na 19, har Turawa na zuwa nazarinsa. Mu Zazzagawa ba a koya mana gini. Da ƙasa da bulo duk abu ne mai nauyi, katako kuwa na rumfa ne.

Injiniya: Alhaji azarar da ke riƙe da soron ƙasa fa, ba itace ba ce?

Alhaji Shugaba: Giginya daban, katakon kanti daban.

Ɗan Gyallesu: Baban Rahila wai kai da kake kusa, me ya hana ka gyara bangon tsohuwar? Ba mahaifiyarka ba ce?

Baban Rahila: Wannan maganar cikin gida ce, ba ta shafe ka ba.

Ɗan Gyallesu: Kai ka kawo ta zaure ai.

Alhaji Shugaba: To jama'a sha biyu ta gota, bari in rufe da taƙaitawa kamar yadda muka saba. An tattauna sosai kuma an ƙaru. Mafi yawan masu magana sun amince cewa ginin katako ba gida ba ne na dindindin, kuma Baba Dattijo ya kafa hujja da tarihi cewa gini mai nauyi shi ke daɗewa. Injiniya da kansa ya tabbatar ana amfani da wayar kaji. An kuma yi ittifaƙi cewa 'yan'uwanmu na waje su riƙa turo kuɗi gida ana yin gini na ƙwarai. Sauran ƙananan maganganu na mata a ƙarasa su ta waya.

Na Ƙetare: Wane ittifaƙi? Da wa aka yi?

Malama Ta Kongo: Ƙananan maganganu na mata? Alhaji ni na tambayi fili da haƙƙin kaka.

Anti Saratu: Kuma har yanzu bai janye ba.

Alhaji Shugaba: Na rufe zaure sai da safe, shugabanni kaɗai ke iya turo saƙo. Mai bukatar bulo inci 6 ko inci 9 ya neme ni kai tsaye, akwai ragi ga 'yan zaure.