Wane abin wasa wuƙa ya fi sauƙi ga ɗan koyo?

Salam 'yan uwa mazauna Jidda, don Allah ku taimaka min da shawara. Ina da 'yar wuƙar aljihu Victorinox, ta dakushe har lemo ma da kyar take yankawa. Na sayi dutsen washi mai fuska biyu, mai ɗan kaushi (lamba 1000) da mai santsi (lamba 6000), na jiƙa shi a ruwa kamar yadda aka ce, amma hannuna ba ya tsayawa a kusurwa ɗaya, digiri 20 ɗin nan da ake faɗa ni dai na kasa riƙe shi, sai goge gefen wuƙar nake bakin kuma yana nan yadda yake. Wai wancan ƙaramin da ake zura wuƙa a ja, gaskiya ne yana cinye ƙarfe? Ko in nemi mai maƙalli da ke riƙe kusurwar? Kuma a unguwar Balad ta nan Jidda ana samu?