Wace kalma za mu ba "privacy" da Hausa: sirri, sutura, ko hurumi?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina son mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan ta Turanci, privacy, wato haƙƙin mutum na kada a shiga al'amuransa ba da izininsa ba, musamman idan ana batun waya da intanet da kuma ikon gwamnati na bibiyar mutane saboda tsaro. Kafafen labarai sun fi cewa "sirri". Ni ina ganin sirri ya gaza, kuma gazawar tana cutar da mu.

Da ka ce sirri, abin da ke faɗo wa mai sauraro shi ne wani abu da aka ɓoye. Nan take sai a jefo maka tambayar da aka saba: in ba ka aikata laifi ba, me kake ɓoyewa? Shi ke nan an rufe maka baki. Alhali matar da take yi wa likita bayanin ciwonta ta WhatsApp ba laifi ta yi ba. Ɗan kasuwar da ke turo kuɗin albasa daga Legas bai saci komai ba. Abin nasu ne kawai, ba na kowa ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo shawarar a ce "sutura". Hajiya, kalmar tana da daɗi, kuma ta taɓo mutunci, wanda shi ne zuciyar maganar. Amma sutura ta riga ta tafi ga tufafi da kuma shirya mamaci. In aka ce "dokar suturar bayanai" a rediyo, mutane da yawa ba za su gane ba. "Rufin asiri" kuwa alheri ne da Allah ko wani bawansa ke yi maka. Ba haƙƙi ba ne da za ka tsaya gaban alƙali ka nema. "Keɓewa" ta fi kama da zaman kaɗaici.

Abin da nake ba da shawara shi ne HURUMI. Hurumin mutum, hurumin bayanai.

Mun san hurumin masallaci, hurumin maƙabarta, hurumin gari. Wuri ne mai iyaka wanda kowa ya san da shi, ba a ɓoye yake ba, amma ba a keta shi. Kuma kalmar tana nan a bakin lauyoyi: kotu kaza ba ta da hurumin sauraron ƙara kaza. Wato tana ɗauke da abu biyu lokaci guda, iyaka da kuma tambayar wa ke da izinin shiga. Ku dubi gidajenmu nan Sakkwato. Baƙo yana tsayawa a zaure, ya yi sallama, a ƙofar ciki an rubuta "ba shiga". Ba wanda ya taɓa cewa mai gidan ɓarawo ne don ya rubuta haka. Addini ma ya zo da wannan: Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane.

Doka ma haka ta tsara abin. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho. Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa da lafiyar jama'a. Ƙa'idojin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 sun ce jami'an tsaro su nemi izinin alƙali kafin su saurari wayar mutum, in kuma gaggawa ta sa suka fara, su je su nemi izinin cikin awa 48. A 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai, aka kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Duk wannan tsari ne na iyaka da ƙofa da mai ba da izini. Da "sirri" ba za ka iya bayyana shi ba, da "hurumi" kuwa cikin jimla ɗaya ka gama.

Wani dattijo daga gabashin jiha ya rubuto cewa su da ke kwana da fargabar 'yan bindiga ba su da lokacin irin wannan magana, gwamnati ta saurari wayar kowa in dai za a kama masu satar mutane. Baba, wallahi na ji ka, kuma ba wanda ya san halin da ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni ke ciki da zai raina wannan kuka. Amma mu tuna abin da muka riga muka bayar. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, muka yi layi cikin rana muka ba da hoton yatsu. A Satumbar 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu amfani da su har shekara biyu. Bayan duk wannan, har yanzu da waya ake kiran dangi a nemi kuɗin fansa. Don haka mai neman a kiyaye huruminsa ba abokin gaban tsaro ba ne. Yana tambaya ne: abin da kuka karɓa, me kuka yi da shi, kuma wa ke duba ku?

Wannan ya kawo mu kalma ta biyu, surveillance, wato bibiyar mutane da na ambata a farko. A nan ina ganin kada mu nemi kalma ɗaya, domin Hausa ta riga ta raba abin gida biyu. In akwai zargi a kan mutum takamaimai, alƙali ya ba da izini, aka sa wa'adi, to wannan "sa ido" ne. In kuwa aka kwashi bayanan jama'a gaba ɗaya ba izini, ko aka bi ɗan jarida da ɗan adawa, sunansa "leƙen asiri". Abin da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa a 2013, na yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane, leƙen asiri ne. Haka Pegasus, manhajar da ke kutsawa cikin waya ta kwashi bayanai, wadda aka samu a wayoyin 'yan jarida a ƙasashe da dama. Ɗan jaridar da ya kira irin wannan "sa ido" ya wanke wa mai laifi hannu bai sani ba.

Akwai gyara ɗaya da na karɓa daga wani malamin Hausa. Ya ce a bar "sirri" a inda ya dace: lambar sirri ta katin banki, saƙon da aka kulle, bayanan sirri na soja. Na yarda. Sirri shi ne abin da ke ciki, hurumi shi ne haƙƙin da ke kewaye da shi.

Ga yadda za ta zauna a baki: "Manhajar bashin nan ta keta hurumina, ta kwashi lambobin da ke wayata." "Kotu ta ba da izinin sa ido a kan layinsa na wata ɗaya." Masu aiki a gidajen rediyon Sakkwato da ɗaliban sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku gwada su a shirye-shiryenku da rubutunku, ku gaya mana inda mai sauraro ya yi tuntuɓe.