Taƙaitawa: abin da aka faɗa a wata muhawara kan ƙungiyar tseren motoci ta Minardi

1. Kowa ya yarda ƙungiyar nan ta garin Faenza a Italiya ta yi gasar tseren motoci ta Formula 1 daga 1985 zuwa 2005, maki 38 kacal, ba ta taɓa wuce na huɗu ba.

2. Masu yabo sun ce a duba direbobin da suka taso a hannunta: Alonso ya fara da ita a 2001, Webber ya zo na biyar da motarta a Ostireliya a 2002. Sun shawarci sababbin masoya su fara kallon wannan tseren. Ni ma haka na gani.

3. Ra'ayi ya rabu kan sayar da ita ga kamfanin abin sha na Red Bull. Wasu sun ce rashin kuɗi ya tilasta, wasu kuwa har yau suna jin zafin ɓacewar sunan Minardi da aka sauya zuwa Toro Rosso.