Klaus Teuber da wasan Catan: mai tsara wasa ya fitar da shi da kansa ko ya ba kamfani?

Mai Dara:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina gyaran wani wasan tebur da na tsara da kwali da ƙwayoyin ludo, kuma duk wanda ya zauna muka buga sai ya ce in kai shi kasuwa. Na ji ana ambaton Bajamushen nan Klaus Teuber a matsayin wanda ya yi suna da wannan sana'a. Ina roƙon masu sani su bayyana mini yadda ya fara, kuma shin da kuɗinsa ya fitar da wasanninsa, ko kuwa kamfani ya miƙa wa? Amsar tana da muhimmanci a gare ni, domin ina tunanin barin aikin albashi.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Teuber a 1952 a Jamus, kuma sana'arsa ta asali ita ce ƙera haƙoran roba a wani ɗakin aiki da ke yankin Darmstadt. Aikin bai yi masa daɗi ba, don haka idan ya dawo gida da yamma sai ya shiga ɗakin ƙasa ya duƙufa kan tsara wasanni. Wasansa na farko, Barbarossa, wanda 'yan wasa ke mulmula siffofi da yumɓu abokan wasa su canki abin da ake nufi, ya ci lambar Spiel des Jahres a 1988, wato lambar wasan shekara, wadda babu kamarta a wannan fage. Ya sake cin ta a 1990 da 1991, sannan ya ci ta huɗu a 1995 da Catan.

Abin da nake so ka lura da shi, tunda ka ambaci ajiye aiki, shi ne cewa duk da lambobin nan uku na farko bai bar ƙera haƙora ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990, bayan Catan ya kafu sosai a kasuwa, ya rabu da sana'ar, wato kimanin shekara goma bayan nasararsa ta farko. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu, 2023, yana da shekara 70.

Maman Tagwaye:
Ni ba masaniyar tarihi ba ce, amma muna da Catan a gida, kuma ina ganin ɗan'uwanmu zai ƙaru idan ya dubi yadda aka gina wasan. Ana shimfiɗa fallayen kwali 19 masu kusurwa shida su zama tsibiri, kuma saboda ana iya sauya jerinsu, tsibirin yau ba ya zama irin na jiya. Ana jefa dais biyu, filin da lambarsa ta fito ya ba masu gidaje a gefensa katako, ko tubali, ko ulu, ko hatsi, ko tama, wanda ya riga tara maki goma shi ya yi nasara. Hikimar da ta fi burge ni ita ce babu wanda ke samun duk abin da yake bukata, dole ya yi musaya da abokan hamayyarsa, kuma ko ba kai ka jefa dais ba kana iya samun rabo, saboda haka babu mai zaman jiran gawon shanu, kuma ba a fitar da kowa kafin a tashi.

Wannan bai samu a dare ɗaya ba. Ya ɗauki shekaru yana rage wasan, domin tsarin farko ya yi girma da yawa, kuma matarsa da 'ya'yansa ne suka riƙa gwada masa. Malam, ka ce masu bugawa suna yabon wasanka. Ina ba ka shawara ka ba waɗanda ba su san ka ba, ka miƙa musu takardar dokoki ka koma gefe ka yi shiru, ka ga ko za su nemi a sake bugawa.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Malamin Tarihi ya yi bayani mai kyau, sai dai bai taɓa rabin tambayar ba. Teuber bai fitar da Catan da aljihunsa ba. Kamfanin Kosmos na Stuttgart ne ya ɗauki nauyin sarrafawa da rarrabawa a Jamus, Mayfair Games kuma ya fitar da na Turanci a Amurka a 1996. Amma bai saki ragamar abinsa ba, domin a 2002 ya kafa Catan GmbH, kamfanin iyali da ke kula da sunan wasan da bayar da lasisi, 'ya'yansa Guido da Benjamin suka shiga ciki. Ta haka wasan ya kai harsuna fiye da 40, aka sayar da miliyoyin kwalaye, kuma sunansa na kan kowane kwali.

Sa sunan nan ma sai da aka yi gwagwarmaya a kansa. A 1988, lokacin bajekolin kayan wasa na Nuremberg, wasu masu tsara wasanni sun sa hannu kan alkawarin cewa ba za su ƙara ba kamfani wasa ba sai an rubuta sunan mai shi a saman kwalin. Ka kwatanta da Elizabeth Magie ta Amurka, wadda ta yi rajistar The Landlord's Game a 1904, wasan da Monopoly ya samo asali daga gare shi: a 1935 ta sayar wa kamfanin Parker Brothers haƙƙinta kan dala 500, ba tare da wani kaso daga ciniki ba, aka kuma daɗe ana jingina ƙirƙirar Monopoly ga wani mai suna Charles Darrow shi kaɗai. Wannan labari yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Mai Dara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa rubuta takardar ajiye aiki a yanzu. Damuwar da ta rage ita ce mu nan ba mu da irin Kosmos.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Akwai NIBCARD Games a Abuja, wanda ke tsara wasanni yana kuma sarrafa su a cikin gida, har ya ci lambar Diana Jones, wata lambar yabo ta fagen wasanni, a 2021. Ka tuntuɓe su ko wasu irinsu, amma kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniya, ka sa lauya ya duba maka shekarun da za ta ɗauka, da kason da za ka samu a kan kowane kwali, da kuma sharaɗin da zai dawo maka da haƙƙinka idan kamfanin ya daina fitar da wasan.