Taƙaitawa: tsofaffin fina-finai kan 'yan wasa masu sauya jinsi

Ga abin da na tattaro daga ra'ayoyin mutane kan waɗanda ya kamata a kalla da kuma tasirinsu:

1. Yawanci sun ce a fara da Second Serve na 1986, labarin Renée Richards, wadda kotun New York ta ba damar buga tanis a rukunin mata na US Open a 1977.
2. Da dama sun fi son Beautiful Boxer na 2003. Nong Toom ta shiga damben Thailand don tallafa wa iyayenta da tara kuɗin tiyatar sauya jinsi. Ni ma shi ya fi taɓa ni.
3. Kan tasirin fina-finan aka rabu. Wasu na ganin sun sa jama'a tausayi, wasu sun ce tausayi daban, adalci a gasar mata daban.
4. Babba ya kalla kafin yara.