Ranar da surfanin ya bar firam ya hau jiki, me kuka gani?

Ummu Zare: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu allura. Wata huɗu na yi ina surfanin wuya da bakin hannu na wata riga irin ta ƙarni na 11, don taron kwaikwayon yaƙin Hastings da aka yi a Ingila a 1066. A firam, katakon da ake ɗaure yadi a kai a yi surfani, aikin ya fito ras, har ɗaga shi nake yi ina kallo. Yini ɗaya na sa rigar, ga rana ga zufa. Da na wanke, sai jan zaren ya yi zuba a kan farin lilin, gefen wuyan kuma ya tattare kamar bakin jaka. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Don Allah duk wanda ya taɓa fita taro da aikin hannunsa, ya ba mu labarin ranar farko da wankin farko.

Baba Mai Ulu: Wa alaikumus salam 'yata, sannu. Ni ma ta nan na fara. Tattarewar nan ta lilin ce: sabon lilin yana tsukewa a wankin farko, zaren kuwa yana nan yadda kika ɗinka shi, dole wurin ya yamutse. Tun daga rigar da na yi asara, ba na sa allura sai na wanke yadin sau biyu na goge. Jan kuma, in da saiwar mada, tsiron da ke ba da jan rini, aka rina shi, ko dai sinadarin alam da ke kama launi bai shiga ulun sosai ba, ko ba a ɗauraye shi ba. Yanzu kowane zare sai na yanki taƙi ɗaya, na jiƙa, na naɗe shi cikin farin ƙyalle ya kwana. In ƙyallen ya wayi gari da launi, a koma ɗauraya. Shuɗin ganyen wod nasa halin daban ne, don sinadarinsa ɗaya da na baba, goga yake yi a jiki ko a busasshe. Kada ki kai ulu ruwan zafi, dunƙulewa zai yi.

Mai Baƙin Siliki: Yaya Ummu, Allah ya mayar da alheri. Ni ƙarni na 16 nake yi, zamanin Sarki Henry na Takwas a Ingila. Na kwaikwayi bakin hannun da ke hoton matarsa Jane Seymour wanda mai zane Holbein ya zana wajen 1536, baƙin siliki a kan farin lilin. Fuskar aikin na kula da ita, bayansa kuwa na bar shi da ƙulle-ƙulle da tsallaken zare, ina ganin wa zai leƙa. Ashe bakin hannu mai tattara juyawa yake yi duk lokacin da ka ɗaga hannu. Yini guda ina miƙa wa baƙi kaya, bayan aikin ne a waje.

A wurin taron, wata dattijuwa ta zaunar da ni ta nuna mini yadda masu wancan zamani suke yi. Za ki bi layin zanen kina ɗinki ɗaya kina tsallake ɗaya, in kin kai ƙarshe ki juyo ta hanyar da kika bi kina cike gurabun, kina shiga ramukan da allura ta riga ta huda. Ciki da waje sai su zama iri ɗaya, babu ƙulli ko guda, wutsiyar zaren a ƙarƙashin ɗinkin ake ɓoye ta. Sai an ƙirga zaren saƙar yadin, shi ya sa yake cin ido. Na farke duka na sake, mako shida. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce yawancin na asali silikin ya zube, saboda ƙarfen da ke cikin baƙin rinin yana cin zare, wasu ramukan allura kawai suka rage. Hotunan nan su ne malamanmu.

Ɗan Sansani: Nawa gajere ne. Na zana fasalin da biron nan da tawadarsa ke ɓacewa in an goge da zafi. Muka kwana a tanti cikin sanyi, da asuba layukan suka dawo shuɗi shar a gefen ɗinkin. Yanzu takarda nake hudawa da allura, in buga garin gawayi ta ramukan, in bi ɗigon da siririn buroshi.

Malama Rabi'ar Firam: Ummu, wane irin ɗinki kika yi a bakin hannun? Ina tambaya ne don ni son ɗinkin Bayeux ne ya kai ni. Kowa ya ga ƙyallen nan na Bayeux mai hotunan yaƙin Hastings, mai tsawon kusan mita 70, ulu a kan lilin, sai ya so irinsa: a shimfiɗa zare dogo-dogo a cike fili, a gitta wasu a kai, a ɗaure su da 'yan ƙananan ɗinki. Yana sauri, kuma kusan duk zaren a fuska yake, ba a asarar ulu a baya. Amma na rataya ne a bango, babu wanda ya sa shi ya ɗauki itace. Na yi shi a hannun rigar maigidana, madaurin garkuwa ya yi ta kama zaren, kafin la'asar dokin da na ɗinka ya zama gashi buzu-buzu. Da na koma bincike sai na ga guntayen tufafin kabarin Mammen a Denmak, na wajen shekarar 970, ɗinkin kara ne, wato gajerun ɗinki masu hawa kan juna a layi, aka jera layi kusa da layi har ya cike fili. Ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba, amma rigar da na yi da shi ta ga taro biyar ba ta ce uffan ba.

Ɗan Sansani: Malama, gaskiya ne. Sai dai ina roƙon a sassauta wa sababbi kan zare. Ba kowa ke samun ulun da aka rina da tsiro ba. Ni na fara da zaren auduga mai sheƙi, a hoto yana walƙiya kamar roba, daga baya na ji cewa sarrafa auduga da sinadarin da ke kai ta ga wannan sheƙin sai 1844 John Mercer ya fara shi. Na koma ulu rinin kamfani, na zaɓi launuka masu duhu-duhu.

Baba Mai Ulu: Ulun kamfani ba laifi, ɗana, amma kada ka ɗauka mutanen da a cikin toka suka rayu. Mada tana ba da ja mai kyau, tsiron weld rawaya mai haske, in ka tsoma rawayan a wod ka sami kore. Da waɗannan ukun aka fitar da launukan Bayeux. Abin gudu shi ne launukan da suka zo bayan rinin sinadari da William Perkin ya gano a 1856, irin shunayya mai kashe ido da ruwan hoda mai ƙuna.

Ummu Zare: Na gode muku, Allah ya saka. Malama, a hannun ɗinkin kara na yi, shi ya sa bai tsinke ba, a wuyan ne na shimfiɗa. Zan farke wuyan, in wanke sabon lilin, in yi surfanin a kan ƙyalle daban yadda zan iya cire shi ranar wanki. Baba, jan da ya riga ya zauna a farin, akwai dabara?

Baba Mai Ulu: In ba ki goge shi da zafi ba, akwai. Ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, kina canza ruwan har ya daina launi, sannan ki shimfiɗa shi a kan tawul ya bushe a kwance. Kada ki murɗa.