Allon da reshe ya rufe: Auta ta biya tarar ko ta ƙalubalance ta?

Auta: Assalamu alaikum. Don Allah a raba mu gardama ni da Kawu. Jiya na yi fakin a wani filin ajiye motoci, na tarar na'urar biyan kuɗin ta mutu, an liƙa mata takarda da rubutun biro wai a biya ta manhaja. Na tsaya a gabanta ina sauke manhajar, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Da ƙyar ta sauka, sai kuma ta ƙi karɓar katina har sau uku. Lokacin ganin likita ya yi, na tafi. Bayan minti 40 na dawo, ga takardar tara maƙale a ƙarƙashin waifa. Sai da na zagaya filin sannan na hango allon da ya yi maganar tara, can sama, reshen bishiya ya rufe rabinsa. Ni na ce tarar nan ba ta hau kaina ba.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Ta hau mana. Kin ga na'ura, kin san wurin na kuɗi ne. Mutuwar na'ura ba ta mai da fili na kyauta ba. Da kika ga biya ya gagara, me ya hana ki fitar da motar ki nemi wani wuri? Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa barin mota inda ban biya ba.

Yaya: Allah ya ƙara girma Kawu, amma magana biyu aka haɗa. Akwai kuɗin fakin, akwai tara. Kuɗin fakin Auta ta san da shi, kuma ba ta ƙi biya ba. Tara kuwa sharaɗi ne daban, sai an sanar da mutum kafin ta hau kansa. A Ingila an yi wata shari'a a 1970, ta wani mai suna Thornton da kamfanin Shoe Lane Parking. Na'ura ta miƙo masa tikiti a bakin ƙofa, sharuɗɗan kuma an rubuta su a can cikin gareji. Alƙali Lord Denning ya yanke cewa an riga an ƙulla yarjejeniya tun a bakin ƙofa, sharaɗin da ya biyo baya ya makara.

Gwaggo: Wannan Thornton ɗin shi ma tara aka ci shi?

Yaya: A'a Gwaggo, rauni ya ji a garejin, kamfanin ya so ya fake da sharaɗin ya zame. Amma ƙa'idar ɗaya ce. Wadda ta shafi tara kai tsaye ita ce ta wani direba mai suna Beavis da kamfanin ParkingEye, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015. Fakin na awa biyu kyauta ne, shi ya yi kusan uku, aka caje shi fam 85.

Kawu: To, ya aka ƙare?

Yaya: Kamfanin ne ya yi nasara.

Kawu: Madalla. Da bakinka ka kawo mini hujja.

Yaya: Tsaya Kawu, ban kai aya ba. Cikin abin da kotun ta dogara da shi har da cewa alluna manya ne, suna ko'ina a filin, an rubuta adadin kuɗin ɓaro-ɓaro. Beavis bai ce bai gani ba. Wanda bai duba ba daban, wanda ya duba bai samu abin gani ba daban. Auta tana cikin kashi na biyu.

Kawu: Ita ta ce tana ciki. Ni na san tuƙin 'yata, ido na kan waya. Kuma ai akwai shuɗin allon nan mai harafin P a bakin shiga, ko shi ma reshe ya rufe?

Auta: Yana nan Kawu, na gan shi.

Yaya: Shuɗin allo mai farin P yana cikin alamomin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan alamomin hanya da aka ƙulla a Vienna a 1968, ma'anarsa kawai nan wurin fakin ne. Bai faɗi nawa ba, bai faɗi minti nawa ba, bai ce ga abin da zai samu wanda bai biya ba. Shi ya sa ake rataya masa ƙaramin allo a ƙasa.

Gwaggo: Ku bar kotunan nan haka, mai karanta ƙorafi ba zai tambaye ta Denning ba. Auta, me ke hannunki? Kin ɗauki hoton na'urar?

Auta: Na allon kawai na ɗauka. Amma saƙonnin banki uku suna nan, kowanne da lokacinsa.

Gwaggo: Waɗannan saƙonnin sun fi duk abin da aka faɗa yau nauyi. Su ne shaidar kin yi ƙoƙarin biya tun kafin a rubuta miki tara. Ki jera lokacinsu kusa da lokacin da ke jikin takardar. Hoton allon kuma daga ina kika ɗauka? In kin je ƙarƙashinsa kin ɗaga waya, zai fito tas, kin yi wa kanki shaidar zur ke nan. Ki koma ki tsaya daidai inda motar ta tsaya, ki ɗauko shi yadda direba zai gan shi, da reshen da komai. Sannan ki juya bayan takardar ki karanta: hukuma ce ta ba ki ko kamfani mai zaman kansa? Hanyar ƙorafinsu ba ɗaya ba ce, kuma kowacce da wa'adinta.

Kawu: Wahalar nan duka a kan me? Ki biya ki huta. Wurare da dama suna yin rangwame ga wanda ya biya da wuri. A Ingilar da yayanki yake ta ambato ma, ƙananan hukumomi rabi suke karɓa in an biya cikin kwana 14. Ki tsaya jayayya rangwamen ya wuce, ki zo ki biya cikakke.

Yaya: Wannan kam gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai galibi wanda ya biya ya rufe wa kansa ƙofar ƙorafi, don ana ɗauka ya amsa laifi. Wasu kuma suna tsayar da lissafin kwanakin in ƙorafi ya shigo cikin wa'adi. Ta duba takardarta ta ga wanne ne.

Gwaggo: Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne ki jefa ta aljihun mota ki manta. Nan ne ƙaramar magana take girma. Kuma in za ki rubuta, ban da zagi, ban da labarin likita mai tsawo. Ki ce kin yarda da kuɗin fakin na minti 40, a shirye kike ki biya shi yau, tarar ce kike ƙalubalanta.

Kawu: Nan kam na yarda, tunda an ce za a biya wani abu. Amma a kan na'urar ina nan kan bakana, fita ya kamata ta yi.

Auta: Ga ni a filin yanzu. An gyara na'urar, an cire takardar biron. Reshen dai yana nan.

Gwaggo: Ɗauke shi maza, kafin a turo mai adda. Ki duba jikin na'urar ma, ko sauran gam ɗin da aka liƙa takardar yana nan.

Auta: Yana nan Gwaggo, har da ɗan yagen takarda a kusurwa. Na ɗauka.